Malam Isiyaku Ya Auna Sama da Akori-Kura

Wani mutum ne a garin Tudun Marke, Malam Isiyaku Safiyo, wanda in dai maganar awo ce, to a sakar masa fili. A ofishin safiyo ya yi aiki har ya yi ritaya. Waɗanda suka san shi a lokacin sun ce aikinsa riƙe bakin igiyar awo ne, da tsayuwa cikin rana da doguwar sanda mai zane, wani can nesa yana leƙensa ta na'ura. Amma in daga bakinsa ka ji labarin, shi ya auna Arewa kaf, daga Sakkwato har bakin tafkin Chadi, kuma da ba don gwamnati ta ce ya isa haka ba da ya zarce Masar.

Bayan ya ajiye aiki sai ya ce shi ya wuce igiya, idonsa ma'auni ne. Ya dubi rijiya daga nesa ya faɗi zurfinta. Ya dubi rago ya faɗi yawan kitsensa. In aka gwada aka ga saɓani, to abin ne ya sauya, ba shi ya yi kuskure ba. Akwai shekarar da ya auna ƙofar zaurensa da ido ya ba kafinta. Da aka kawo ƙyauren sai ga shi ya gaza, har akuya na shiga ta ƙasa ba ta sunkuya ba. Malam Isiyaku ya zagaya ginin, ya ƙwanƙwasa bango, ya ce katangar ce ta sha ruwan damina ta ƙara tsawo.

Abu guda ke cin ransa tun da ya bar aiki: ba a kiran sunansa a lasifika. Taro ya yi taro, a kira wane a kira wane su hau babban tebur, shi yana can cikin jama'a a kan kujerar roba. Saboda haka da aka ce shugaban ƙungiyar iyaye da malamai na makarantar 'yan matan garin ya sauka, za a zaɓi sabo, sai Malam Isiyaku ya ɗora ransa a kan kujerar nan. Autarsa na makarantar, don haka yana da hurumi. Kuma kujera ce ta gaske, mai hannu da katifa, kusa da ta shugabar makaranta, ga jawabi duk ƙarshen zango.

Mutum ɗaya ne ya fito takara da shi, kuma ba kowa ba ne sai taubashinsa, Alhaji Sambo mai yadi. Tun suna yara suke tsokanar juna, kuma tsufa bai rage komai ba. Malam Isiyaku ya shiga gari yana tambaya yadda za a yi a damƙa makarantar boko a hannun wanda iyakar iliminsa sandar awon atamfa. Da maganar ta je kunnen Alhaji Sambo sai ya yi dariya, ya ce shi dai abin da ya auna ana kai wa tela a ɗinka, kuma bai taɓa jin akuya ta shiga ta ƙasan rigar kowa ba.

An sa zaɓen ranar baje kolin kimiyya na makarantar, bayan ɗalibai sun gama nuna abubuwansu an sha ruwa.

Ana cikin haka, wata Asabar da hantsi, sai ga Malama Saratu ta zo gaisuwa. 'Yar ƙanwarsa ce, a gidansa ta tashi, kuma ita ce malamar kimiyya a makarantar. Tana riƙe da wani dogon bututu na kwali, an toshe bakinsa an bar 'yar siririyar kafa, an manna ɓallin faifan sidi a ɗaya gefen. Malam Isiyaku na kishingiɗe ya gama da kwanon fura. Ya tambaye ta ko wasan yara ta koma.

Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta yi masa bayani a natse. Ta ce in ka leƙa haske ta bututun nan, sai ya rarrabu kamar bakan gizo, daga shuɗi a wannan gefe har ja a wancan. Ta ce masana na da irinsa manya, masu tsada, da suke duban hasken taurari. A cikin launukan akwai wasu siraran layuka, kowane sinadari da nasa a gurbin da aka san shi, kamar yadda ake gane Bagobiri da tsagarsa. To da aka dubi hasken gungun taurarin da ke can nesa ƙwarai, sai aka ga layukan nan duk sun goce daga gurbinsu sun matsa wajen ja.

Malam Isiyaku ya ce, "Uhm." Idonsa ya fara lumshewa.

Ta ci gaba. Ta ce haske tafiyar igiyar ruwa yake yi. In abin da ya fito daga gare shi yana nisa da kai, sai igiyar ta miƙe ta ƙara tsawo, kuma ja shi ne mai doguwar igiya. Gwargwadon gocewar layukan, gwargwadon saurin nisantar. Abin mamakin kuma, wanda ya fi nisa shi ya fi gocewa. Da haka aka gane sararin samaniya buɗewa yake yi, kamar ƙullin fanke da aka barbaɗa wa riɗi: yana kumbura, kowace ƙwaya na rabuwa da 'yar'uwarta. Ta ƙara da cewa sai gudun ya kai wani irin gudu da hankali ba ya ɗauka kafin a ga wannan, kuma ba ido ke gani ba, na'ura ce.

Wannan na ƙarshen bai same shi ba, don a lokacin har ya fara minshari. Abin da ya shiga kunnensa kafin barci ya sace shi guda ne: abin da ke gudu ja yake zama, kuma da haka ake auna sama.

Kalmar awo ce ta farkar da shi. Ya tashi zaune, ya gyara hula, ya ce ai wannan tsohon zance ne, tun suna daji da Turawan safiyo suka gama shi. Ya tambayi wa zai yi wa iyaye bayaninsa ranar taro. Ta ce wasu ɗalibanta ne, sun daɗe suna shiri.

"Yara? A gaban manyan gari? Ni zan yi."

"Kawu, ai sun riga sun haddace."

"Su ajiye haddar, ta yi musu amfani a jarrabawa. Bar mini bututun nan."

Saratu ta miƙa masa bututun. Mutumin da ya riƙe ka tun kana rarrafe ba ka ce masa a'a kai tsaye. Ta yi 'yan kewaye-kewayenta, ta ce ko ta dawo ta ƙara masa bayani. Ya ce in kifi zai koyi iyo ba wajen kaza za shi ba. Washegari da kansa ya taka har gidan shugabar makarantar, Hajiya Larai, ya zauna bai tashi ba sai da ta ce to, a ba shi ɗan lokaci kafin a sha ruwa.

Sai dai ko shi ya san magana ba hujja miya ce ba gishiri. Ya kwana biyu yana neman abin da zai nuna wa mutane su gani da idonsu. Ran nan da almuru yana zaune a bakin titi wajen mai shayi, yana kallon motoci na wucewa, sai aka ga ya miƙe zumbur, ya bar shayinsa bai shanye ba. Mai shayi ya tambaye shi lafiya. Ya ce lafiya ƙalau, sama ce ta shigo hannu. Bai gaya wa kowa abin da ya gano ba, ko matarsa.

Ranar taro ta zo. Makarantar a jikin tudu take: ƙofar shiga na sama, filin taro na ƙasa, hanya ta gangaro tsakaninsu. An kafa rumfuna, iyaye maza a dama, mata a hagu, ɗalibai a baya. Malam Isiyaku ya iso cikin farar shadda ƙal, babbar riga da 'yar ciki da wando, ta sha bugu har tana ɗaukar ido. Ya wuce ta gaban kujerar nan mai hannu, ya ɗan shafa ta da yatsa kamar mai duba ƙura.

Ɗalibai suka nuna nasu. Wasu sun kunna ƙwan fitila da lemon tsami, wasu sun tace ruwan kwata ya fito garau. Aka tafa musu. Sannan aka kira sunansa a lasifika, cikakke, har da Safiyo. Wani sanyi ya ratsa shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa.

Ya karɓi abin magana ya fara da tarihin kansa. Ya bi ta dazuzzukan da ya ratsa, da kuraye da suka gudu da suka gan shi, da Baturen da ya yi kuka ranar rabuwarsu. Sai da Hajiya Larai ta dubi agogonta a karo na babu adadi sannan ya ɗaga bututun sama ya shiga zance.

Ya ce sama gudu take yi, kuma shi ya san yadda ake kama ta. Duk abin da ke nisa da kai ja yake komawa, duk abin da ka ga ya yi ja, to sallama yake yi. Ya ce su dubi rana: da tsakar rana fara ce, amma in za ta tafi sai ta yi ja wur. Wasu dattawa suka gyaɗa kai. Saratu, da ke tsaye gefen rumfa da ɗalibanta, ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta.

Alhaji Sambo ya ɗaga hannu daga inda yake zaune, ya ce yana da tambaya irin ta jahilai.

"Akwai wani jan yadi a shagona tun sallar bara. Kullum addu'a nake ya tafi, ko motsi bai yi ba. Ko Malam zai zo ya yi masa magana?"

Rumfa ta ɗauki dariya, har ɓangaren mata. Malam Isiyaku ya yi murmushi, don ya san abin da ya taka. Ya bari dariyar ta lafa, sannan ya ce kowa a nan ya taɓa tsayawa a bakin titi. In mota na tahowa, wane launi ne fitilarta? Aka ce fari. In ta wuce ta ba ka baya tana tafiya fa?

Can wani daga baya ya ce, "Ja."

"To," in ji Malam Isiyaku, ya buɗe hannuwa. "Mota guda, direba guda, batir guda. Wa ya shafa mata jan?"

Sai guna-guni ya tashi. Wani ya ce wallahi haka ne, bai taɓa lura ba. Wani ya ce ilimi kogi ne. Wata tsohuwa ta ce ita dama ta daɗe tana zargin motocin nan. Har Alhaji Sambo ya koma shafa gemu. Malam Isiyaku ya saci kallon kujera mai hannu, ya ga kamar ta matso.

Saratu ta kasa daurewa. Ta lallaɓo ta bayan rumfa, ta durƙusa kusa da shi, ta yi ƙasa da murya yadda ba mai ji sai shi.

"Kawu, murfin fitilar bayan ne ja. Haka ake ƙera shi. Ka tsaya a nan, ya isa."

Ai kuwa da ya tsaya a nan da ya ci zaɓe. Amma ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma wanda tafi ya shiga kansa ba ya jin raɗa. Ya kai baki ga lasifika ya ce 'yarsa ce ke tuna masa lokaci, yaran yanzu ba su da haƙuri. Ya ce ta je ta zauna, yanzu ma aka fara, don gani ya kori ji: a gaban kowa zai auna gudun mota da bututun nan, kamar yadda ake auna na taurari.

Motar da ke kusa ita ce wata tsohuwar akori-kura da ta shigo ana tsakiyar jawabi, ta kawo abin sha na taron. Tana tsaye a tsakiyar gangaren, hancinta na kallon ƙofa, bayanta na kallon rumfa, an sa mata dutse a taya. A bodinta akwai wata ƙatuwar robar zoɓo, cike fal, da ƙanƙara a ciki, an ɗora mata faranti a baki. Ba a sauke ba don kada a katse mai magana.

Malam Isiyaku ya sa aka kira direban, wani mai suna Mati, ya ce ya shiga ya ja motar ya nufi ƙofa. Mati ya sosa ƙeya ya ce ai ba a sauke kaya ba. Aka ce masa ba nisa za shi ba. Ya ce kuma ita motar tana da hali, don makullinta ba ya tashinta, sai an...

"Kai, ba tarihinta na tambaye ka ba," in ji Malam Isiyaku. "Shiga ka ja."

Abin da Mati ya so faɗa shi ne, motar ta daɗe da daina tashi da makulli. Shi ya sa duk inda ya je sai ya nemi gangare ya ajiye ta. In zai tafi sai a cire dutsen, ta gangaro da baya, ya saki kuloci a giyar ribas, inji ya kama, sannan ya taka birki ya sa giyar gaba. Duk garin an san akori-kurar Mati sai ta ja da baya take yin gaba, kamar rago mai shirin karo. Malam Isiyaku ne kawai bai sani ba, don shi ba ya shiga irin waɗannan motoci.

Ya fito daga rumfa ya tsaya a bakin dakalin siminti da ya raba hanya da fili, daidai saitin bayan motar. Ya gyara tsayuwa, ya naɗe hannun riga a kafaɗa. Ya rufe ido ɗaya gam, ya manna ɗayan a bututu, lasifika a ɗaya hannun. Duniya duk ta ɓace masa, ba ya ganin komai sai duhu da ɗan bakan gizo.

Aka cire dutse. Mota ta motsa, a hankali, da baya. Mati ya saki kuloci. Ta yi gur-gur, ta yi tari, ta yi shiru. Inji bai kama ba. Ya taka birki, birki ya tafi ƙasa salalam. Ya shiga bugunsa da ƙafa, yana yi yana salati, fitilun baya na kawowa ja, ja, ja.

A cikin bututu, Malam Isiyaku ya ga gefen ja ya haska. Zuciyarsa ta yi fari.

"Alhamdu lillahi. Ga shi nan. Ta fara nisa."

Mutanen layin gaba suka fara miƙewa. Wani ya ce Malam, tahowa fa take. Ya ce ido ke ruɗinsu, na'ura ba ta ƙarya. Jan ya ƙara ƙarfi, ya cika bututun.

"Yanzu ta ƙara wuta. A lissafina ta kai ƙofa."

Kujerun roba suka fara kifewa. Mata suka kwashi mayafai da jarirai suka yi baya. Hajiya Larai, da ba a taɓa ganin ta ɗaga ƙafa da sauri ba, sai ga ta a bayan tebur. Saratu ta manta da kunya ta ƙwala masa kira, "Kawu, kauce!"

"Ku zauna, jama'a," in ji shi a lasifika, cikin muryar mai lallashin yara. "Wannan motar ta bar unguwar nan."

Ƙuuu, gam. Tayoyin baya suka daki dakalin, mota ta tsaya cak, tazarar taku guda tsakaninta da cikinsa. Mota ta tsaya, amma robar zoɓo ba a gaya mata ba. Ta zamo ta bodin, ta daki marfin baya da igiya ce dama ke riƙe da shi, ta yi tutsu, ta juye gaba ɗaya.

Shaaa.

Tun daga hula har takalmi. Farantin ya sauka a ƙafarsa yana ƙara, ƙwal-ƙwal-ƙwal, har ya gaji ya kwanta. Ƙanƙara ta shige ta wuyan riga ta gangara inda ba a faɗa a taro. Lasifika ta yi ƙiii ta mutu. Malam Isiyaku ya sauke bututun a hankali, ya buɗe ɗaya idon, sai ga lambar motar a gaban hancinsa, ga wani yankin abarba a kafaɗarsa. Farar shaddar nan ta koma kamar an yanka sa a kanta.

Da farko ba wanda ya yi dariya, sai da aka tabbata ba jini ba ne. Mati ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, in ƙara?" Daga nan ne wuri ya ɓarke. Ɗalibai suka faɗa jikin juna. Dattawan da suka gyaɗa kai ɗazu su suka fi kowa riƙe ciki. Tsohuwar nan tana tambaya wai yanzu me za a sha.

Malam Isiyaku ya buɗe baki, don bai taɓa rasa abin da zai ɗora wa laifi ba. Ya dubi motar, ya dubi gangaren, ya dubi sama. A karon farko a rayuwarsa bai samu ba. Ya yar da bututun, ya tattare babbar riga da ta yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo, ya kama hanyar ƙofa. Da farko tafiyar dattako yake, takalmi na caɓal-caɓal. Da ya ji dariyar na bin sa sai ya ƙara sauri. Kafin ya kai rabin tudun ya koma sassarfa, ƙudaje na rakiya.

Da ƙura ta lafa aka tayar da kujeru, Hajiya Larai ta gyara mayafinta, ta ce saura zaɓe, amma ga ɗan takara ɗaya ya fita. Ta tambayi jama'a ko a ɗan jira shi ya sauya kaya ya dawo.

Alhaji Sambo ya tashi ba gaggawa. Ya sunkuya ya ɗauki bututun, ya karkaɗe shi, ya rufe ido ɗaya, ya saita shi a kan taubashinsa da ke haurawa ta ƙofa. Ya daɗe yana leƙe, kowa na jira. Sannan ya sauke, ya juyo wajen shugabar.

"Hajiya, kada a ɓata lokaci. Na auna shi. Ja ne wur. Wannan ba mai dawowa ba ne."